Amsa ga mai tambaya kan karatun lauya a Legas

Ƙanena, ka tambayi wacce ta fi wuya tsakanin dokar kwantiragi, da ta laifuka, da ta filaye, da ta amana, tun da ka samu gurbin karatun lauya a nan Legas. A garin nan na yi karatuna, a nan kuma nake aiki, kuma a ganina dokar filaye ce za ta fi cin lokacinka, ko da yake galibi sai a aji huɗu za ka gamu da ita.

Kwantiragi a aji biyu ake yin ta, kuma ba ta da rikici ga mai haƙurin karanta shari'o'in da kansu maimakon taƙaitawar da ɗalibai ke rabawa juna. Shari'ar Carlill ta 1893 kaɗai, in ka karanta ta daga farko har ƙarshe, za ta zaunar maka da batun tayi da karɓa.

A dokar laifuka ne ɗan Arewa yake buƙatar kula. Mu mun tashi da jin Penal Code, amma malamanka za su fi jingina da Criminal Code na Kudu, sannan Jihar Legas tana da nata kundin laifuka tun 2011. Kisan kai da ke sashe na 221 a Penal Code, a sashe na 316 da na 319 za ka same shi a Criminal Code, kuma kalmomin sun bambanta. Zamba cikin aminci da kowa ke kira 419, lambar sashenta ce a kundin Kudu. Ka ajiye kundayen gefe da gefe kana kwatantawa.

Filaye kuwa, dokoki uku ne a jibge a kan fili ɗaya: na gargajiya, da wanda aka gada daga Ingila, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da haƙƙin riƙe fili da gwamna ya bayar ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewa. Ga kuma filin dangi na Yarbawa: in shugaban gida ya sayar a madadin dangi ba tare da yardar manyansu ba, ana iya warware cinikin, in kuma manyan ne suka sayar ba da shi ba, cinikin bai ƙullu ba sam. Wani ɗan kasuwa daga Agege ya taɓa zuwa mini da rasit guda a cikin leda, mai sa hannun mutum uku, babu na shugaban gidan, alhali ya riga ya kai gini linta. Ranar ya san dalilin da ya sa ake tsoron 'yan omo onile, wato masu iƙirarin cewa filin gadon gidansu ne. Ka haddace hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ka kuma karanta ta Amodu Tijani ta 1921, wadda a kan filin Apapa aka yi ta.

Dokar amana za ta zo maka da sauƙi idan ka san waƙafi da riƙon dukiyar maraya a fiƙihu, sai dai kada ka amsa jarrabawa da fiƙihun. Abin da ake nema shi ne tabbaci uku da ake buƙata kafin amana ta ƙullu, na shari'ar Knight ta 1840: niyya, da dukiyar, da waɗanda za su amfana.

In an yi hutu, ka je Babbar Kotu da ke Ikeja ka zauna a baya ranar da ake sauraron ƙarar fili, ka lura da yadda ake gabatar da taswirar safiyo a matsayin shaida. Ka tafi da littafin rubutu, ka kuma isa kafin ƙarfe tara.