Tauraro ya koma kamar ƙwai a madubin da na gurza: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shafe wata biyar ina gurza madubin na'urar hangen taurari mai faɗin santimita 20, da gilashi mai kaurin milimita 19. Da na ɗora shi na duba tauraro, sai na ga hasken ya miƙe kamar ƙwai maimakon ɗigo. In na juya maɗaurin gani (abin daidaita kaifin hoto) ciki, ƙwan yana tsaye. In na juya waje, sai ya kwanta. Shin madubin ya lalace ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka kwatanta shi ne astigmatizim, kuma juyawar ƙwan daga tsaye zuwa kwance ita ce shaidarsa. Ma'anarsa, lanƙwasar da haske ke bi ba ɗaya ba ce ta kowane ɓangare: ta wata fuskar ta fi zurfi, kamar cikin cokali, alhali ana son ta zama kamar cikin ƙwarya. Sai haske ya taru a wurare biyu. Amma ina roƙonka kada ka taɓa gilashin tukuna, domin sau da yawa laifin ba nasa ba ne.

Fara da idonka. Mutane da yawa suna da wannan matsala a ido ba su sani ba. Ka karkata kanka yayin da kake dubawa. In ƙwan ya bi kanka, likitan ido kake buƙata. Ka yi gwajin da ƙarfin girmamawa mai yawa, wajen ninki 200 ga madubinka, saboda a nan tasirin ido yana raguwa ƙwarai. Sannan ka juya gilashin da kake sa ido a kai: in ƙwan ya juya tare da shi, laifinsa ne. Daga nan ka duba ƙugiyoyin da ke riƙe babban madubi. Bai kamata su matse shi ba, a bar ratar da takarda za ta shige. Ƙaramin madubin da ke karkatar da haske ma, in an ɗaure shi tam ko an manna shi da gam mai tauri, yakan lanƙwashe ya jawo wannan hoto.

Gwajin da ke raba gardama shi ne wannan: ka sa alama a gefen babban madubi, ka juya shi a mazauninsa kamar digiri 45, ka sake saita na'urar, ka duba. In ƙwan ya juya tare da alamar, laifin na cikin gilashi. In ya tsaya inda yake, ka nemi matsalar a wani wuri. Ka bar madubin a waje aƙalla awa ɗaya ya huce kafin gwaji. Masu wannan aiki a Turai da Amurka sukan ce a yi amfani da Tauraron Arewa don ba ya gudu, amma a Kano tsayinsa daga ƙasa wajen digiri 12 ne kawai, inda iska da ƙura suka fi dagula hoto. Zaɓi tauraron da ke kusa da tsakar ka.

Kada ka yi mamaki in gwajin bakin wuƙa, inda ake haska madubi da fitila a tare hasken da ya dawo da kaifin wuƙa, bai nuna maka komai ba. Wannan gwaji da Bafaranshe Léon Foucault ya fito da shi a 1858 yana auna layi ɗaya ne da ya ratsa madubi, don haka astigmatizim na iya ɓoye masa. Sai ka auna, ka juya madubin digiri 90, ka sake aunawa, ka kwatanta. Gwajin layuka na Vasco Ronchi, ɗan Italiya, na 1923, inda ake duban madubi ta wani faifai mai siraran layuka, ya ɗan fi taimako: in layukan suna karkacewa yayin da kake matsowa kusa da matattarar haske, akwai matsala. Ka kula fitila da wurin dubawa su kasance dab da juna, domin nisansu kaɗai na iya ƙirƙiro astigmatizim na ƙarya.

In ya tabbata gilashin ne, ina zargin kaurinsa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kauri ya kai kashi ɗaya cikin shida na faɗi, naka kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. Ana samun madubi mai kyau da irinsa, John Dobson ya yi da gilashin tagar jirgin ruwa, amma siririn gilashi yana lanƙwasa ƙarƙashin hannu. In bayansa ba a shafe yake ba, ko ka riƙa ajiye shi a fuska ɗaya kan tebur, lanƙwasar takan zauna a fuskar madubi. Kafin gyara, ka riƙe gilashin gaban farin allon kwamfuta, ka dube shi ta tabarau mai tace haske (irin da ake kira polarized) kana juyawa. In ka ga gicciye mai duhu sosai ko launuka, akwai ɗaurewa a cikinsa tun daga masana'anta, kuma gurza ba ta cire wannan. Sai sabon gilashi.

In gilashin lafiya yake, kada ka ce za ka goge ɓangaren da ya yi tudu shi kaɗai. Ƙwararru ma suna shakkar wannan. Cire rufin alminiyam in ka riga ka sa. Ka gurza bayan madubin ya shafe sumul. Ka kwantar da shi fuska sama kan guntun kafet mai laushi, ka danne faifan kwaltar guga a kansa har ya zauna daidai, sannan ka yi ta guga da gajeren ja, kamar sulusin faɗin madubi. Duk bayan 'yan mintoci ka ɗaga madubin ka juya shi kan kafet ɗin, ba da adadi ɗaya kullum ba, kai ma kana zagaya teburin. Ƙaramin astigmatizim yakan tafi cikin 'yan awoyi. In ka yi haka ƙwan bai ragu ba, ka koma garin gurza mai laushi na maikiron 25 ko 12 (girman ƙwayar garin ke nan), ka sake tasowa daga nan. Na san komawa baya bayan wata biyar yana da ciwo, amma zurfin da ka haƙa yana nan, fatar sama kawai za ka sabunta. Kada ka fara ba shi siffar farabola (lanƙwasar ƙarshe da ke tara hasken tauraro wuri ɗaya) sai ɗigon haske ya fito zagayayye ciki da waje.