Ga mai tambaya kan fatar zomon da ta ƙanƙance bayan rini

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta ta. Kin ce kin sayi farar fatar zomo don yi wa 'yan tsanarki jiki da gashin kai, kin tsoma ta a ruwan rini mai zafi, ta fito a ƙanƙance, ta bushe ƙamas kamar ganda, kalar ma ba ta zauna ba, kina neman yadda za ki dawo da ita. Sannu. Na san wannan ciwon, na kwana da shi.

Gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: fatar da zafi ya riga ya dafa ba ta dawowa. Ko tulun mai kika juye mata, ba za ta koma yadda take ba. Amma kar ki yar. Gashin yana nan da amfaninsa, ki aske shi a hankali daga gindi, ki ɗaure shi ƙulli-ƙulli, za ki yi jela da geza da gira da shi.

Nawa ya same ni ne lokacin da wata baiwar Allah ta ba ni aikin 'yan dabbobi 6, dila da kyanwa da sauransu, za ta kai baje koli. Aiki mafi girma da na taɓa samu ke nan a lokacin. Na je wurin wani mai sayar da fatu, na tambaye shi ƙarara, Malam, wannan fatar za ta jure ruwan zafi? Ya dafa ƙirji ya ce ko tafasa ta na yi ba abin da zai same ta, wai jimar kamfani ce. Na sake tambaya, ya ce Hajiya ai ba yau na fara ba. Na yarda da shi, na kwashe guda 8 da kuɗin da matar ta ba ni na kafin alƙalami. Da daddare bayan yara sun yi barci na ɗora tukunya, na zuba kalar ruwan goro, na tsoma guda 5 a lokaci guda, don ina sauri. Ina tsaye da muciya a hannu na ga fatun suna naɗewa da kansu, suna tattarewa kamar ledar da ta taɓa wuta. Kafin in tsamo su, wadda ta kai faɗin faranti ta koma kamar tafin hannuna biyu. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata. Da gari ya waye na koma masa da su a leda, ko kallonsu bai yi da kyau ba, ya ce ni ce ban iya ba, wai wa ya ce in sa a ruwa. Mutumin da ya ce in tafasa! A gaban mutane ya faɗa, har wani na gefensa yana dariya. Kuɗin bai dame ni kamar yadda ya mayar da ni maƙaryaciya ba. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji abin ya taso mini. Na bar shi da Allah. Matar kuwa sai da na sayar da zobena na mayar mata da kuɗinta.

Abin da na gane daga baya, gashi da fata ba abu ɗaya suke so ba. Rinin da ke kama gashin dabba da kyau shi ne irin na ulu da siliki, kamar na kamfanin Jacquard, wanda ake sa wa ruwan kal, kuma sai ruwan ya kai wajen digiri 80 zuwa 85 yake zama. Ita kuwa fata, ya danganta da yadda aka jeme ta. Wadda aka jeme da alif, tun wajen digiri 60 ko ƙasa da haka take tattarewa, kuma ko a ruwan sanyi ta daɗe alif ɗin fita yake yi, ta bushe ta sandare. Jimar bagaruwa irin ta majemanmu ta fi ta juriya kaɗan, amma ita ma ba ta son tukunya. Jimar kurom, wani sinadari da masana'antu ke jima da shi, ita ce kawai ke jure zafin da ya kusa tafasa. Ki yanki bakin fatar da reza ki duba cikin naman: in fari ne fat, ki yi zargin alif, in ruwan ƙasa ne, bagaruwa ce, in ya yi shuɗi-shuɗi kamar toka, kurom ce. Duk da haka kar ki yarda da ido, balle bakin mai sayarwa. Ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, ki zana girmansa a takarda, ki jefa a ruwan, ki gwada bayan ya fito.

Kuma don Allah wane rini kika sa? In irin na shadda ne da ake haɗawa da soda, shi ya sa kalar ba ta zauna ba, na auduga ne. Soda cin gashi take yi. Ki tuna da toka da farar ƙasa majema ke tuge gashi daga fata. Haka kanwa, haka bilicin wanki, shi kam narkar da gashin yake yi ya koma kamar kunu.

Ni yanzu ba na tsoma fata a ruwa sam. Dayis na gashin mutane nake amfani da shi, tunda ba ya bukatar wuta. Ina shimfiɗa fatar a kan katako, gashi a sama, in sa safar hannu, in ɗauki tsohon buroshin haƙori ina shafawa layi-layi, ina bin yadda gashin ya kwanta, ba na bari ya jiƙa fatar. In lokacin da aka rubuta a kwalin ya cika, sai in karkata katakon in ɗauraye da ruwan sanyi da sauri, in danne da tsohon tawul. Kar ki murɗa. Lalle ma yana kama farin gashin zomo, yana ba da ja mai ruwan lemo da ya dace da dila, sai dai ki tace shi sosai, don garinsa in ya shige cikin laushin gashin nan sai kin yi kwana biyu kina tajewa. Dayis masu kalar shuɗi da ruwan hoda irin na kamfanin Manic Panic suna da kyau a ido, amma suna zuba. Na taɓa ɗinka wa wata 'yar tsana farar riga, bayan mako guda wuyan rigar ya koma shuɗi. Ki goga farin tsumma mai ɗan laima a kan gashin bayan ya bushe, in ya ɗauko kala to da sauran ɗauraya.

Wajen shanya ma nan ake asara. Ban da rana, ban da na'urar busar da gashi mai zafi. A inuwa, kuma in ta fara shan iska, tana da sauran danshi, ki shafa mai kaɗan ta bayan fatar, ki riƙa ja kina murzawa a bakin kujera har ta yi laushi. Da hunturu kar ki tafi ki bar ta, kafin ki gama girki ta bushe ta ƙage. Da damina kuma funfuna ce abin tsoro.

Af, in wani ya kawo miki tsohuwar rigar gashi ta gwanjo ya ce ki yanka, kar ki kusantar da ita ga ruwa, tsohuwar fata yagewa take yi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ki ɗaure ta a leda ki sa a firiza kwana 3 saboda asu kafin ta haɗu da sauran kayanki, in dai wutar ta zauna. Yanka kuma ta baya ake yi da reza, almakashi datse gashin yake yi.

Fatu nawa suka rage miki da ba ki tsoma ba? Ki yanki bakin ɗaya ki faɗa mini kalar cikinta da sunan rinin da kika saya, in gaya miki ko za ta karɓi dayis ko gara a aske gashin a rina shi daban.