Tambaya da Amsa: Kukan Gaske a Kan Dandamali

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, an ba ni matsayin uwar da ɗanta ya rasu a wani wasan kwaikwayo da za mu shafe mako biyu muna nunawa. A wajen atisaye kukan gaske nake yi, har in koma gida jikina a mace. Shin haka manyan 'yan wasa suke fama, kuma me suke samu da ya hana su bari?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun ƙarni na 18 masanin Faransa Denis Diderot ya kafa hujja cewa ɗan wasan da ya dogara ga motsuwar zuciyarsa kaɗai zai burge yau ya gaza gobe, domin zuciya ba ta zuwa bisa umarni. Konstantin Stanislavski, daraktan wasan kwaikwayo ɗan Rasha wanda ya kasance cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Moscow Art Theatre a 1898, ya koyar da ɗan wasa ya tambayi kansa abin da zai aikata da shi ne a cikin wannan hali, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya fi karkata ga ayyukan jiki, wato tafiya da zama da motsin hannu, a matsayin ƙofar shiga halin.

Ni ma nan na fi karkata, saboda dandamali maimaici ne. A manyan gidajen wasa na Landan da New York, sau takwas ake nuna wasa a mako, kuma babu wanda zai iya binne ɗa sau takwas da zuciyarsa ta gaske. A 1989 ɗan wasan Birtaniya Daniel Day-Lewis, wanda ke fitowa a matsayin Hamlet a wasan Hamlet na Shakespeare a Landan, ya fice ana tsakiyar wasan, a fitowar fatalwar mahaifin Hamlet, bai kuma sake hawa dandamali ba.

Ladan kuwa, 'yan wasa da yawa ba tafi suke fara ambata ba. Sukan ambaci shirun da ke sauka idan ɗaruruwan mutane suka ɗauke numfashi tare, abin da mai aiki gaban kyamara ba ya ji, tunda shi ana iya tsayar da shi a sake ɗauka.

Ki zauna da daraktanku ku tsara inda za ki tsaya, da inda muryarki za ta karye, da abin da hannunki zai riƙe, ta yadda wasan zai tsayu ko hawaye bai zo ba. Idan an rufe labule, ki cire kayan wasan, ki wanke fuska, ki ɗan yi hira da abokan wasanki kafin ki kama hanya.