Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Murhun Gashi Mai Infared, Ya Cancanci Kuɗinsa?

Wannan makon tambayoyin sun bar waya da kwamfuta sun shiga tsakar gida. Tun da bidiyon wani murhun gashi mai aiki da gas ya fara yawo a Facebook da TikTok, saƙonni ke shigowa a kansa, galibi daga nan cikin Kaduna. Da yake kalmar infared ce ta ruɗa jama'a, kuma kalma ce ta fagenmu, na tattara tambayoyin wuri guda.

Tambaya daga wani mai karatu a Unguwar Rimi: Malam, mene ne infared ɗin nan? Ni a rimot ɗin talabijin na san shi. Ta yaya abin da ke canza tasha zai gasa nama?

Malam, abu ɗaya ne, ƙarfi ne ya bambanta. Infared haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani, yana zaune daf da jan launi a jerin launukan bakan gizo. A 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, yana auna zafin kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda babu abin da ido ke gani, sai ya tarar can ne zafin ya fi yawa. Nan aka gano shi.

Rimot yana da ɗan ƙwan fitila da ke ƙyafta wannan haske kaɗan, iya abin da zai kai saƙo. Idan kana son gani da idonka, buɗe kyamarar wayarka, ka auna mata bakin rimot, ka danna maɓalli. A wayoyi da yawa za ka ga yana walƙiya.

Murhu kuwa yana fitar da shi da yawa ne. Duk abin da ya yi zafi yana fitar da infared, idan ya yi jajir kuma sai ya ninka. Zafin da ke dukan fuskarka idan ka tsaya gaban mai tsire da daddare, alhali iska tana kaɗa hayaƙin zuwa wani ɓangare, shi ne wannan. Wato garwashin gawayi murhun infared ne tun kaka da kakanni. Kuma ka taɓa ganin na gas ɗin ba ka sani ba: waɗancan faifan da ke yin ja a bayan nama a injin masu shawarma, su ne.

Murhun gas da aka saba, harshen wuta ne ke ɗumama iska, iskar ta tashi ta dafa naman, tana kuma busar da shi a hanya. A na infared, gas yana ƙonewa a fuskar wani faifan tangaran mai dubban ƙananan ramuka, faifan ya yi ja, ya jefa zafin kai tsaye kan nama. Fuskar faifan kan kai digiri 900 ko fiye a ma'aunin Selsiyas. Shi ya sa cikin minti uku zuwa biyar ya shirya, inda na gas na gargajiya ke neman minti goma zuwa sha biyar, gawayi kuwa sai ka yi fifita ka gaji.

Wata Hajiya daga Malali: Maigida ya ce in zaɓa kafin Babbar Sallah, za a yi mana oda. Na duba intanet na ga kala-kala, kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?

Hajiya, iri uku ne a kasuwa, ko da sunayen sun kai ɗari.

Akwai mai faifan tangaran da na ambata. Shi ya fi kowa zafi, amma ba ya son a rage shi. Ko kin mayar da shi ƙasa, yana nan da zafinsa. Kamfanin Napoleon na Kanada yana sa irinsa a gefen murhunsa. Akwai mai farantin ƙarfe, inda aka ɗora faranti mai huji-huji bisa kan wuta na gargajiya, farantin ya ɗauki zafi ya miƙa wa nama. Irin na Char-Broil ke nan. Bai kai tangaran zafi ba, amma yana saukowa ƙasa yadda za ki gasa kaza ba tare da ta ƙone ba, kuma kitse ba ya samun hanyar faɗawa cikin wuta ya tashi da harshe. Na uku mai gilashi ne, na kamfanin TEC na Amurka, wanda shi ya fara kawo wannan fasaha cikin murhun gashi. Sai da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2000 sauran kamfanoni suka shigo. Yana da kyau, yana kuma da tsada, ga shi idan gilashin ya fashe sai an yi odar wani daga waje.

Ni dai ba zan ba gidan Bahaushe shawarar sayen murhun da duk kawunansa tangaran ne ba. An ƙera shi ne domin nama mai kauri, kamar faɗin yatsu biyu, wanda ake so waje ya yi ƙasa-ƙasa ciki ya zauna da sauran ja. Mu ba haka muke cin nama ba. Muna so ya nuna har ƙashi. Naman layya kuma haƙarƙari ne, cinya ce, kayan ciki ne, kai da ƙafa ne, duk masu son wuta a hankali. Ki nemi mai haɗi: kai biyu ko uku na gargajiya, da kai ɗaya na infared. Ki dafa a wancan, ki ƙarasa a wannan.

Kada lambar BTU ta ruɗe ki. Tana faɗin yawan gas da murhu ke ci ne a awa, ba ingancin gashi ba. BTU 3,412 a awa ne kilowat ɗaya. Abin da za ki duba shi ne kaurin ƙarfe, da tiren tara mai da ake iya zarowa a wanke, da ko ana samun faifan canji. Idan mai kaya ya ce ƙarfen marar tsatsa ne, ki tambayi lambarsa. Mai lamba 304 ya fi mai 430 jure damina. Gwajinsa ba wuya: maganaɗisu yana kama 430 gam, amma 304 da ƙyar yake kulawa da shi.

Daga Barnawa: Na sayo nawa gwanjo, daga Amurka ya zo. Tiyonsa ya ƙi shiga tukunyar gas ɗina. Wani ya ce in yanke kan in ɗaura regileta irin ta masu suyar ƙosai a bakin titi. In yi?

A'a, ɗan'uwa, kada ka yi. Wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali a cikinsu duka.

Kafin komai, nemi takardar da aka manna a bayan murhun ko cikin ƙofarsa. Idan an rubuta NG, an yi shi ne domin gas ɗin bututu da ake ja zuwa gidaje a can. Ramukan da gas ke fita ta cikinsu sun fi faɗi, idan ka haɗa shi da tukunya wutar za ta wuce misali. Sai ma'aikacin gas ya canza waɗannan ƙananan kawunan tukuna. Idan LP ko LPG aka rubuta, to na tukunya ne, saura maganar matsi.

Murhun Amurka na tukunya yana aiki da matsi kaɗan, wajen miliba 28 (miliba ma'aunin matsi ne). Na Turai za ka ga 28 zuwa 30, ko 37, na Jamus kuma 50. Regiletar manyan murhun suya mai matsi sosai ce, tana iya turo ninkin-ba-ninkin abin da murhunka ke buƙata. Faifan tangaran ba ya yafe wannan: wuta ta ɗaga daga fuskarsa, ko ta koma ciki tana gurnani, faifan ya tsage. Ka sayi regileta mai ƙaramin matsi wadda lambarta ta dace da ta takardar, da tiyo na gas na ainihi, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa da maɗauri.

Bayan an haɗa, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a duk mahaɗa, ka buɗe tukunya. Inda ya yi kumfa, nan yake yoyo. Ba a gwaji da ashana. Tukunya ta tsaya a tsaye, a inuwa. Idan za ka kunna, buɗe murfin murhu tukuna, domin gas ɗinmu ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa yana jiran tartsatsi. Kuma a fili ake amfani da shi. Ba gareji ba, ba zaure ba, ba kicin ba, ko da ruwan sama ya kore ka. Iskar da ke kashe mutane a ɗakin da aka kunna janareta, wannan ma yana iya fitar da ita.

Daga Kawo: Gas nawa yake sha?

Kowane kilowat yana cin gram 70 zuwa 75 a awa. Murhu mai kilowat 10, an buɗe duk kawunansa har ƙarshe, zai cinye tukunyar kilo 12.5 cikin awa 17 ko kusa da haka. Ba wanda ke buɗe su duka tun daga farko har ƙarshe, don haka za ta fi haka daɗewa.

Wani matashi daga Tudun Wada: Yaya, na gwada tsire a na abokina, kafin in juya ya zama gawayi, ciki kuma ɗanye. Murhun ne ba kyau ko ni ne?

Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Ranar da na fara gwadawa, tsinke goma sha biyu na jera, na juya in amsa waya, na dawo na tarar tsinkayen da kansu sun kama da wuta. A daren nan wurin mai tsiren unguwa na je na sayo wa baƙina, na juye a faranti ban ce komai ba.

Matsalar ƙuli-ƙuli ce. Garin gyaɗa da mai ba sa jure irin wannan zafi, suna ƙonewa su yi ɗaci tun nama bai ji wuta ba. Ka lura da mai tsire: ba ya ɗora tsinke a tsakiyar garwashi. Yana kafa su kewaye da wuta ne, ko ya jera a gefen waya, yana juyawa yana shafa mai. Nisa yake amfani da shi wajen sarrafa zafi, kuma infared ma haka yake, kana matsawa baya ƙarfinsa na raguwa. Don haka tsire ya tafi ɓangaren gargajiya a matsakaiciyar wuta. Ka jiƙa tsinkayen a ruwa na rabin awa. In kana son ya ɗan yi baƙi-baƙi a gefe, ka kai shi kan tangaran daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane ɓari, kana tsaye a kansa. Sauran yaji a barbaɗa bayan an sauke.

Inda infared ke nuna kansa shi ne tsoka mai kauri, irin wadda za a yanka balangu. Goge ta da tsumma mai tsabta ta bushe, domin jiƙaƙƙen nama turara yake yi, ba ya gasuwa. Gishiri, ɗan mai, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe a kan faifan, sannan ka mayar da ita ɓangaren da wuta ke ƙasa, ka rufe murfi ta ƙarasa. Wancan ɓawon mai ƙamshi da ke fitowa haɗuwar sukari ne da sinadaran furotin na nama idan zafi ya haura digiri 140, abin da wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Masu talla za su ce maka ɓawon yana kulle romo a ciki. Ba ya kulle komai. Ɗanɗano yake ƙarawa, kuma naman bai daɗe a wuta ba balle ya bushe.

Kaza da zabo akasin haka ake yi musu: a fara da wuta kaɗan, murfi a rufe, sai a ƙarshe a kai fatar kan infared ta yi ƙaras-ƙaras. Hanta da ƙoda ba sa son daɗewa. Masara da agada kuwa sai ka riƙa juyawa ba hutu.

Abu guda da gas ba zai ba ka ba shi ne ƙamshin hayaƙin itace. Za ka iya naɗe ɓarɓashin busasshen itace a takardar alminiyom, ka huda ta, ka ajiye a ɓangaren gargajiya. Yana taimakawa, amma wanda ya saba da balangun gawayi zai gane.

Daga Rigasa: Wayata Redmi ce, tana da infared. Zan iya sarrafa murhun da ita? Kuma ina da ma'aunin zafi irin na goshi tun lokacin korona, zai auna nama?

Duka biyun a'a. Na wayarka saƙo kawai yake aika wa talabijin da na'urar sanyaya ɗaki, murhu kuwa da hannu ake murɗa shi. Ma'aunin goshi an tsara shi ne kan zafin jikin mutum, da ya wuce digiri arba'in da 'yan kai ya daina. Ko babbansa na masu gyaran inji, mai kama da bindiga, fatar abu kawai yake karantawa. Zai gaya maka zafin wayar gashi, ba zai gaya maka ko cinyar kaza ta nuna ba.

Abin da kake buƙata shi ne ma'auni mai tsinke da ake sokawa cikin nama. Kaza ta kai digiri 74 a wuri mafi kauri, ba a jikin ƙashi ba. Niƙaƙƙen nama 71. Tsokar sa ko rago 63, a bar ta ta huta minti uku, ko da yake yawancinmu sai ta haura 70 muke yarda ta nuna. Akwai masu bulutut irin su Meater da Inkbird da ke turo lambar zuwa waya, har su yi ƙara idan lokaci ya yi. Suna da amfani ga cinyar rago da za ta yi awanni. Amma ka cire su kafin ka kai nama kan tangaran, domin akwai batir da ƙananan na'urori a cikinsu, da yawansu kuma ba sa jure fiye da digiri 275 zuwa 300.

Ta ƙarshe, daga Kabala: Nawa ya yi wata huɗu a ajiye. Yanzu rabin faifan ne ke yin ja, wutar kuma ruwan ɗorawa ce. Ya mutu ne?

Da wuya. Abu biyu nake zargi, kuma duka na garin nan ne. Ƙurar hunturu ta toshe ramukan faifan, ko kuma zanzaro ya yi gini a cikin bututun da ke haɗa gas da iska. Gizo-gizo ma yana son wurin. Rufe tukunya, cire tiyo, zaro kan, ka leƙa bututun da tocila, ka share shi da siririn burushi. Faifan kuwa kada ka kankare shi da burushin ƙarfe, kada ka wanke shi da ruwa. Kifa shi ka ɗan bubbuga a hankali, ko ka zuƙe ƙurar da injin shara. Idan ka mayar, kunna shi a sama na minti biyar ya ƙone sauran maiƙon. In ka ga tsaga a jikinsa, sai canji, ba a liƙe shi.

Masu ƙira a kasuwar Panteka ta Kaduna za su iya yi maka sabuwar wayar gashi, ko tiren mai, ko ma rumfar kwano da za ta kare shi, domin ɗigon ruwan sama a kan tangaran mai zafi yana fasa shi nan take. Faifan da regileta ne kaɗai zan ce ka sayi na kamfani. Idan ya huce, ka rufe shi da tamfol, ka ɗaure ta ƙasa saboda zanzaron.