Hukuncin Bincike A Kan Naman Huhun Mahaifi Da Aka Adana A Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, mahaifinmu ya rasu sanadin ciwon dajin huhu, irin wanda likitoci ke cewa mai ƙananan ƙwayoyi. Tun yana raye aka ciri ɗan nama a huhunsa don gwaji, yanzu kuma asibiti sun kira suna neman izininmu wai masu bincike za su duba ƙwayoyin halittar da ke cikinsa. Yayata ta ce haramun ne, sai dai mu karɓo mu binne. Meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa jinyar ta zama kaffara.

'Yar'uwa, bari mu fara sanin abin da ke hannunsu tukuna. Naman da ake cira don gwajin nan ƙanƙani ne, wani ko ƙwayar hatsi bai kai ba, a jiƙa shi a wani ruwan sinadari mai suna formalin don kar ya ruɓe sannan a daskarar da shi cikin kakin farafin, haka zai zauna shekaru a ma'ajiya. In za a yi bincike sai a yanko wani siririn falle a ciro RNA ɗin ciki, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon ƙwayoyin gado (abubuwan halitta da ɗa ke gada daga iyayensa), wanda yawanci ma ya gutsuttsure saboda formalin, a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke kunne a cikin ƙarin, waɗanne ne a kashe. Ta haka ne aka gano cewa wannan cutar ba iri ɗaya ba ce, akwai wadda ƙwayar gado mai suna ASCL1 ke jan ragamarta, akwai ta NEUROD1, akwai ta POU2F3, kuma danginta sun haɗa har da wani ƙari da ake kira kasinoyid mai tafiyar hawainiya alhali ita mai ƙananan ƙwayoyi gudu take, kin dai gani da idonki. Majinyata ba su cika kaiwa ga tiyata ba don ana gano ta a makare, shi ya sa ɗan naman nan ke da daraja sosai wurin likitoci.

Yayarki ba ta yi magana a banza ba. Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam a Suratul Isra'i aya ta 70, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma hadisin kan taɓa gawa yake da keta alfarmarta, a nan kuwa ba a taɓa gawar Baba ba, yana raye aka cira da yardarsa don neman magani. Abin da ya rabu da mai rai ba a yi masa wanka ko sallah, binne shi abin so ne, jinkirta shi saboda maslaha ba zunubi ba ne. Kai, ko gawa sukutum, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta halatta buɗe ta a 1987 don gano cuta da koyar da likitanci bisa sharuɗɗa, to ina ga ɗan abin da ke cikin kaki. Ga kuma hadisin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ai sai an nema ake samu.

Don haka ya halatta ku ba da izini, in kun yi niyyar amfanar marasa lafiya ina fatan lada gare ku da shi. Sai dai in Baba ya taɓa hanawa da bakinsa, to maganarsa ce gaba. Kar ku karɓi kuɗi a matsayin farashin naman, ɗan Adam ba haja ba ne. Abin da ni ya fi damuna shi ne sirri, bayanan ƙwayoyin gado ba na mutum ɗaya ba ne, suna iya taɓa ku da 'ya'yanku, saboda haka ku karanta takardar da kyau ku tabbata za a cire sunansa, ku tambayi wa zai ga sakamakon da kuma ko za a tura shi wani wuri.

In hankalin yayarki bai kwanta ba kar ku yi faɗa a kai, ƙin bayarwa ba laifi ba ne. Kuna iya sharɗanta cewa in sun gama a ba ku ragowar ku naɗe a ƙyalle ku binne.

Wallahu a'alam.