Filin Amsa Wasiƙu: Ta rasu ban sani ba, ga kuɗinta a hannuna

Assalamu alaikum Goggo. Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Na yi aiki da wata baiwar Allah a ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙaramar hukumar Garki, kafin a mayar da ni Gumel. Yaya nake ce mata. Ita ta koya min karɓar haihuwa da fitilar waya, da ita muke ratsa yashi gida-gida lokacin rigakafin shan inna, ina ɗauke da akwatin magani tana lallashin masu gida. Ranar Alhamis na haɗu da mai gadin asibitin a kasuwar Maigatari, ya ce min ai Yaya ta rasu tun kafin azumi. Tun ranar kuka nake yi, maigidana yana cewa kukan yana cutar da ita. Kuma akwai naira dubu 40 da ta ranta min, ba wanda ya sani. Kunyar zuwa gidan nake ji. In yi sadaka da kuɗin, Allah ya kai mata ladan?

Ƙanwarki daga Gumel

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa aikin da ta yi wa mata ya bi ta.

Bari in fara da kuɗin, don shi ne abin da ba ya jira. Kada ki yi sadaka da su. Daga ranar da ta cika, dubu arba'in ɗin nan sun tashi daga nata sun koma na magada. Idan ta bar 'ya'ya, mijinta yana da kashi ɗaya cikin huɗu, mahaifiyarta in tana raye tana da ɗaya cikin shida, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, ga kuma rabon 'ya'yan. In kika bayar da su a ƙofar masallaci, da dukiyar wasu kika yi kyauta, wataƙila har da ta ƙaramin yaron da ba a saya wa takalmin makaranta ba. Ki kai su hannun mijinta a gaban liman ko mai unguwa, ki ce na gado ne. Ko an riga an raba, za a raba waɗannan yadda aka raba na farko. In ba su cika a hannunki ba, ki faɗi adadin a rubuta, ki riƙa biya duk ƙarshen wata. Sadakar da kike son yi mata kuwa, ki yi daga albashinki.

Maganar kuka, maigidanki alheri yake nufi, amma abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ki yi kukanki, ki bi shi da addu'a.

Sai kunyar. Gaskiya ne an fi yin ta'aziyya cikin kwana uku, amma malamai sun yi wa wanda ba ya nan ko bai ji ba uzuri. Ni a ganina ma zuwanki yanzu ya fi amfani. An naɗe tabarmi, 'yan gaisuwa sun watse, yanzu ne gidan yake jin rashinta sosai. Kuma kina ɗauke da abin da dangi ba su da shi. 'Ya'yanta sun san uwar da take dawowa a gajiye, ƙafa duk ƙura. Ba su san yadda take durƙusawa a zaure tana roƙon dattijo ya bari a ɗiga wa jikansa magani ba. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe, kuma irin su Yaya ne suka taka wannan yashin. Ki zaunar da su ki faɗa musu. Ki ambaci sunayen ƙauyukan, da daren da kuka kwana kan mai naƙuda har asuba. Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta, ke ma ki riƙe mutanen Yaya.

Wani abu kuma da kan wuce mutanenmu na karkara: haƙƙinta na aiki. Ki tambayi mijin ko an karɓi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya, ko an kai takardunta ofishin fansho a Dutse. Ke kin san hanyar ofis, shi wataƙila bai taɓa shiga ba. Ki tattara musu takardar ɗaukarta aiki da ta ƙarin girma, in da hali ki raka shi.

Ki nemi izinin maigida ki shirya Asabar ɗin nan. Ki fara biyawa ta tsohon asibitinku ki ɗauki ɗaya daga cikin matan da kuka yi aiki tare ta raka ki, sallama a ƙofar gidan za ta fi miki sauƙi.