Garmahon Baba ya shekara talatin a ajiye, ko zai tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu sai na ci karo da garmahonsa, ƙirar Garrard, da fayafai kusan arba'in a cikin kwali. Rabon da a kunna shi ya kai shekara talatin. Na jona shi da wuta, yana gurnani amma farantin ba ya juyawa. Ya mutu ke nan, ko akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Da farko dai zare shi daga wuta, kada ka sake jonawa sai an buɗe shi. Gurnanin da ka ji labari ne mai daɗi, don yana nuna wuta na isa motar, wato injin da ke juya farantin. Sai dai motar da ta kasa juyawa zafi take ɗauka, in aka bar ta haka tana iya ƙonewa.

Garrard a garin Swindon na Ingila ake ƙera shi a da, kuma yawancin na wancan zamani ba su da bel. Wata 'yar taya ce ta roba ke shiga tsakanin sandar motar da cikin bakin farantin. Cire zoben ƙarfen da ke riƙe farantin a tsakiya, ka ɗaga shi sama a hankali. Abin da za ka tarar kusan kullum iri ɗaya ne: giris ɗin kamfani ya bushe ya zama kamar ƙaro, ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta hau kai. Nan aikin yake, kuma aikin haƙuri ne. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance kowane ƙarfe. Ka goge tsohon giris da auduga da sifirit, ka shafa sabo ɗan kaɗan, sannan ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a sama da ƙasan sandar motar. Kada mai ya taɓa tayar roba ko cikin bakin farantin, ko ɗis ya taɓa sai santsi. Tayar kuma ka danna ta da farce. In ta yi tauri kamar ƙashi, ko ta lotsa a gefe guda don an ajiye garmahon ba a mayar da makunninsa ba, sauyawa za a yi.

Batun wuta ba zai wahalar da kai ba in na Ingila ne, tasu da tamu jirgi ɗaya ne. Amma duba bayansa. In ka ga an rubuta 120V da 60Hz, na Amurka ne: sai da taransifoma, kuma ko da ita gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Tsohuwar wayar wuta in ta tsattsage a sauya ta. Idan kuwa irin babban akwatin nan ne mai haɗe da rediyo, ɓangaren amfilifaya ka bar wa mai gyara, akwai wutar da ke kisa a ciki.

Da ya fara juyawa, gwada gudunsa ba ya buƙatar na'ura. Manna 'yar takarda a bakin farantin, ka sa makunnin gudu a 33, ka ƙirga: juyi 100 cikin minti 3 daidai.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Mutane da zarar faranti ya juya sai zumuɗi, su ɗauko faifan da suka fi so su ɗora. Allurar da ta kwana shekara talatin ba a yarda da ita, ba ka san awa nawa ta yi aiki ba, kuma in bakinta ya gutsure, yankar layin faifan take yi, ba ya kuma komawa. Garmaho in ya ƙi ana samun wani, amma wasu fayafan mawaƙanmu na da, mai yiwuwa na kwalin nan naka ne suka rage. Ka sayi sabuwa daidai da lambar da ke jikin kan allurar, ka fara gwaji da faifan da ba ka damu da shi ba. In babu sauti sam, ka zargi kan allurar, don masu ƙirar kiristal zafi da laima na kashe su. In sautin ya fito siriri ƙasa-ƙasa, kan mai maganaɗisu ne, sai ka jona shi a ramin da aka rubuta Phono a amfilifaya.

Fayafan ma ka tantance su. Masu nauyi, masu saurin fashewa, su ne na 78, wato masu juyi 78 a minti ɗaya. Allurarsu ta fi kauri, shi ya sa wasu kawunan ke da 'yar sanda da ake juyawa tsakanin LP (fayafan gudun 33) da 78. Waɗannan kada sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke kwanuka ya isa, a bi layi da ƙyalle mai laushi, a kiyaye takardar tsakiya, a shanya a inuwa. Sannan a jera su a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, nesa da ɗakin da kwano ke gasawa a watan Afrilu.